Neman Makirfon Gangar Kawu Tanko

Alhamis, Gumel zuwa Maigatari

Na fita daga gida ƙarfe shida saura kwata, bayan sallar asuba, da jaka a baya: kwamfuta, na'urar ɗaukar sauti, abin sauraro na kunne da wayoyi biyu. Ina da ɗan ɗakin ɗaukar waƙa a Gumel, kuma makirfona ɗaya ne, na murya. Kawuna Tanko na Ɗanzomo, makaɗin gangar noma, ya shekara uku yana ƙin in ɗauki kiɗansa. Wannan satin ya aiko cewa in zo Juma'a, domin hannunsa na dama ya fara rawa, kuma Sale mai kaɗa masa kazagi, ƙaramar gangar rakiya, zai koma wajen 'ya'yansa a Kano ranar Asabar. Kiɗan mutum uku ba ya ɗaukuwa da makirfo ɗaya. Ana buƙatar biyu iri ɗaya, a rataya su sama da kawunan makaɗa. Naira dubu saba'in ce a aljihuna.

Motar Maigatari ta cika ƙarfe shida da rabi, mu huɗu a baya, biyu a gaba. Ranar kasuwa ce, hanya duk manyan motocin dabbobi. A shingen kwastan wani jami'i ya buɗe jakata, ya ɗaga na'urar.

"Wannan fa?"

"Ta ɗaukar kiɗa ce, ranka ya daɗe."

"Kai mawaƙi ne?"

"A'a, ni nake ɗaukar mawaƙan."

Ya mayar da ita, ya ce a sauka lafiya. Mun isa bakwai da kwata. Na karya da koko da ƙosai a bakin tasha.

Mai kayan sautin da aka kwatanta mini Badamagare ne, ana ce masa Mushe Isufu, wato Malam Isufu a bakin mutanen Nijar. Rumfarsa cike da lasifikoki na gwanjo. Da na faɗi buƙatata sai ya ɗauko makirfo biyu na hannu, irin na wa'azi da biki, dubu goma sha takwas duka. Na ce masa waɗannan abin da ke kusa da bakinsu kaɗai suke ji da kyau. In an ɗaga su sama, ƙaramar ganga ɓacewa take. Irin wanda ake kira kwandensa nake so, mai jin nesa.

Ya shiga ciki ya fito da wasu manya biyu masu ruwan zinare, cikin akwati mai soso. Dubu sittin da biyar. Gaskiya sun burge ni. Na haɗa su da na'ura, na kunna musu wutar da kwandensa ke buƙata, na ajiye su kafaɗa da kafaɗa, na kaɗa makullaina a tsakaninsu. Na hagu ya kawo ƙarar tas, na dama kamar an lulluɓe shi da bargo. Na musanya wayoyin, bai canja ba.

"Mushe, waɗannan ba tagwaye ba ne."

Ya sa abin sauraron, na sake kaɗawa. Ya ce, "Wallahi ka yi gaskiya. Ni kaina a akwati na saye su." Sannan ya ce akwai wani malamin makaranta a Gagarawa, Malam Nuhu, da ya taɓa sayen wasu sirara biyu a wajensa don ɗaukar mandiri, kuma ya ji labarin malamin ya daina. Ya ba ni lambarsa. Na sayi waya doguwa ɗaya don kada in tashi hannu rabbana.

Gagarawa

Sai da na dawo Gumel, na yi azahar, na ci shinkafa da wake a tasha. Motar Gagarawa ba ta tashi ba sai uku da minti ashirin. Tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba, amma direban ya tsaya sau huɗu yana sauke buhunan riɗi.

Malam Nuhu dogo ne, mai magana a hankali. Ya fito da su daga cikin safa: sirara, tsawon tafin hannu, baƙaƙe, fentin ɗaya ya ɗan goge. Ba su da wani kyan gani. Gwajin makulli suka ci, ƙarar ta zauna daidai a tsakiyar kaina. Saura gwajin ƙarfi, don gangar noma tana iya shaƙe ƙaramin makirfo. Malam ya aro bokitin roba a cikin gida, ya kife, ya riƙa dukansa da muciya, ni kuma na ɗaga makirfon sama da kansa. Sautin bai fashe ba. Na kuma saurare su cikin shiru: akwai ɗan huci, amma ba wanda ganga za ta bari a ji ba.

"Nawa, Malam?"

"Wa za ka ɗauka?"

Na faɗa masa. Ya ajiye muciyar. "Tanko na Ɗanzomo? Ina yaro ya yi kiɗa a gayyar gonar mahaifina. Ranar manya sun yi noma har fartanya biyu ta karye." Ya ce dubu hamsin, kuma in kawo masa kiɗan a waya. Ban yi ciniki ba. Mota ta ƙare, don haka a zaurensa na kwana, bayan tuwon gero da miyar kuka.

Juma'a, Ɗanzomo

Na bar Gagarawa bakwai na safe, na biya Gumel na ɗauki sandunan makirfo biyu, na hau ɗan acaɓa. Sha ɗaya da rabi ina ƙofar gidan Kawu, a ƙasar Sule Tankarkar. Ya rame fiye da yadda na bar shi da Sallah.

Bayan an sauko daga masallaci na duba wuri. Zauren yana amsa kuwwa, waje kuma iska. Muka zaɓi ɗakin ajiyar hatsi, mai rufin azara, buhuna sun jeru a bango sun shanye amon. Kawu ya zauna a tsakiya, Sale da kazagi a hagunsa, Ilu mai kurkutu a dama. Na ɗaga makirfon biyu kamar kamu biyu sama da kawunansu, na ɗauko igiya na auna daga fatar babbar ganga zuwa kowanne, har tsawon ya zo ɗaya.

"Ɗan nan, rijiya za ka haƙa?" in ji Kawu.

"In ɗaya ya fi kusa, Kawu, gangarka za ta fito siririya."

"To auna da kyau."

Taken farko hannun ya ba shi matsala, ya tsaya sau biyu. A na uku ya kama, suka yi minti tara ba tsayawa, har mata suka taru a bakin ƙofa. Da suka gama na ɗora masa abin sauraron. Bai taɓa sawa ba. Ya runtse ido, ya karkata kai hagu, ya daɗe a haka. Sai ya zare kunne ɗaya ya dubi Sale.

"Ashe abin da kake yi a bayana ke nan? Shekara arba'in ina jin gangata kawai."

Sale ya sunkuyar da kai yana gyara tsirkiyar kazaginsa. Kawu ya miƙa masa abin sauraron ya ce, "Karɓi ka ji kanka." Sannan ya juyo gare ni. "Akwai sauran wuri a cikin abin naka? Take bakwai ne, ba ɗaya ba."

Mun ɗauki shida kafin hannun ya ƙi. Na bakwai Sale da Ilu ne suka kaɗa, Kawu yana yi musu da baki.

Komawa gida

Na taso biyar da rabi da ƙullin gyaɗa da matar Kawu ta ba ni. Na shiga Gumel ana kiran magariba. Kafin in cire takalmi na kwafe aikin wuri biyu.

Ina godiya ga Mushe Isufu da bai ɓoye gaskiya ba, da Malam Nuhu da iyalinsa, da direbobin da suka kai ni suka dawo da ni. Allah Ya ba Kawu lafiya, Ya kai Sale Kano lafiya. Alhamdu lillahi.