Shekarar da Nedyalko Ya Dafa Wake

A ƙauyenmu da ke kan tsaunukan Rodopi, in ka ji ƙararrawar wuyan dabba tun rana ba ta leƙo kwari ba, to Nedyalko ne da goɗiyarsa Sivka za su daji. Aikinsa jan gungume. Inda mota ba ta iya hawa shi ke hawa, ya ɗaura wa goɗiyar sarƙa, su gangaro da itacen har bakin hanya. Ubansa ma abin da ya yi ke nan. Bai taɓa cin albashin kowa ba. Mai itace ya kira shi, a yi ciniki, a biya shi a hannu.

Yana da wata hula da ba ya sawa. Tana rataye a ƙusa bayan ƙofa, a tsage tun daga goshi har ƙeya. Shekarar da ya yi aure ne wata bishiya ta kauce wa inda aka nufa da ita, ta biyo ta kansa, ta ɗauke hular ta bar masa kan. Da amaryarsa Gergina ta ga hular ba ta yi kuka ba, bakance ta yi. Tun daga nan, duk kaka in ranar ta zagayo, ana kurban a gidansu: a yanka ɗan rago, a dafa romo a ƙatuwar tukunyar tagulla, kowa ya zo ya ci don lafiyar mai gida. Shi mai gidan ba ya ɗanɗanawa, haka aka gada. Nedyalko Kirista ne, don haka maƙwabcinsa Shukri ke yin yankan, Musulmin unguwar gangare su ci hankali kwance.

Waɗanda ba su iya zuwa, tsofaffi da marasa lafiya da masu jin nauyi, aika musu ake yi. Gergina ta zo da kwanuka masu murfi cikin kayan aurenta, shuɗɗa, duk iri ɗaya, ba ka bambanta wannan da wancan. A wurinmu kuma ba a mayar wa mutum kwanonsa wayam. Ko tuffa ce, ko ƙwai, ko ɗan cuku a ganye, sai an sa wani abu. Gergina ta rasu ba su samu haihuwa ba. Nedyalko ya ci gaba da kurban kamar tana nan.

Abin da bai ci gaba da shi ba, don bai taɓa farawa da gaske ba, shi ne kuɗin inshorar lafiya. Doka ta ce kowa ya biya duk wata. Mai albashi a cire masa, ɗan fansho gwamnati ta biya masa, mai zaman kansa irin Nedyalko ya kai da ƙafarsa. Wanda ya yi wasa a yanke masa haƙƙin magani, a bi shi na baya, a ɗora masa tara.

A kan wannan suka shekara da shekaru suna fafatawa da Zlatka, yayar Gergina, wadda ta yi aikin jinya a ɗan asibitin ƙauyen har ranar da aka sa masa kwaɗo. Filin dagarsu bencin ƙofar kanti.

"Nedyalko, ka biya na wannan watan?"

"Na biya, Yaya."

"Ƙarya kake, ga kunnenka nan ya yi ja."

"Na biya mana. Ni sau ɗaya nake biya a shekara, ke ma kwano biyu kike sha a ciki."

"Romo ba ya ɗinke ciki, sarkin taurin kai."

"To ke ki gaya min. Ƙanƙara ta rufe daji rabin shekara. A watannin nan Sivka na ci, ni ina ci, yanzu kuma masu kujera a babban birni Sofiya su ma sai sun ci? In na kasa, a ci ni tara. Mutum ba shi da takalmi, a ce ya biya kuɗin laifin tafiya ba takalmi!"

"Tukunya ce irin taka, sai dai ta fi girma. Kowa ya zuba, wanda yunwa ta kama ya ci."

"Tawa tukunyar kin taɓa ganin na aika wa wani da takardar gargaɗi? Kuma da suka karɓi na mutane, ina likitan? Ga kwaɗo can, je ki gaishe shi."

Ba wanda kwaɗon nan ke yi wa ciwo kamar Zlatka. Sai Shukri ya kurɓi gahawarsa ya ce, "Ni fa da ku duka nake. Gwamnati na biya min, maƙwabci na ciyar da ni."

"Kai tsoho rufe mana baki," in ji su biyun, kusan tare. Wannan kaɗai suke haɗuwa a kai.

Mu da ke sauraro mun san kowannensu na da tasa gaskiyar, shi ya sa ba mu cika sa baki ba.

Wata bazara, Nedyalko na gab da shekara sittin, fansho bai iso ba tukuna, Shukri ya lura maƙwabcinsa ya fara shigowa ta 'yar ƙofar da ke tsakanin gidajensu a karkace, hannu a maƙale ƙasan ciki. Ya kuma lura goɗiyar ta koyi sunkuyar da kai ƙasa sosai in za a sa mata kayan ja, abin da ba ta yi a da. Zlatka ya gaya wa. Ita kuwa ba ta tsaya lallashi ba, ta tasa Nedyalko gaba har cikin bas, sai asibitin gari.

Likita ya duba ya ce ƙaba ce, ta girma, aiki take so, kuma kada a kai hunturu. Matar da ke bayan taga ta danna na'urarta, ta ɗago ta dube shi da ɗan tausayi, ta ce haƙƙinsa a yanke yake. Ko ya biya na shekarun baya da abin da ya hau kai, ko ya biya kuɗin aikin gaba ɗaya daga aljihunsa. Sai dai in hanjin ya shaƙe aka kawo shi ranga-ranga, wannan kam ba a tambayar kowa komai.

"Shi ke nan, sai mu jira ya shaƙe," in ji Nedyalko a hanyar dawowa. "Kin ga, har rangwame suke yi."

"A watan da hanya ke rufewa? Sivka ce za ta yi maka aikin?" in ji Zlatka. Ba ta ce ai na gaya maka ba. Ya jira ta faɗa har suka sauka, ba ta faɗa ba, wannan ya fi damunsa.

Ya sayar da zumar shekarar. Ya sayar da ragon da ya ware don kurban. Duk da haka da sauran tafiya mai nisa. Abu guda ya rage a gidan mai daraja, yana tsaye a turke yana cin ciyawa. Wani dillalin dabbobi ya hawo daga kwari, ya buɗe bakin Sivka ya ƙirga haƙora, ya taɓa ƙafafunta, ya faɗi abin da ya faɗa. Kowa ya san inda dillalin nan ke kai dabbar da ta manyanta, ba daji ba ne. Kowa kuma ya san mai jan gungume da ba shi da goɗiya, ko an ɗinke masa ciki, zaman benci ya rage masa. Nedyalko ya ce ya dawo washegarin kurban, yana so ta ga ranar a gida.

Da farko ya yi niyyar kada ya yi kurban ɗin sam. Ya dubi hular bayan ƙofa, ya ga ba zai iya ba. Bakancen ba nasa ba ne balle ya warware. Sai ya jiƙa wake, manyan nan namu masu zane-zane, ya cika tukunyar tagulla da su.

Shukri ya shigo da safe da wuƙarsa a naɗe cikin tsumma, kamar kowace shekara. Ya dubi turken rago, ya dubi tukunya.

"To maƙwabci, me zan yanka?"

"Ga albasa can."

"Ta kalli gabas ko duk inda ta ga dama?"

Nedyalko ya yi dariyar da ta sa shi dafe ciki. Shukri ya zauna ya yanka albasa yana hawaye yana tsine mata.

Mutane suka zo kamar kullum. Ba wanda ya tambayi nama. Aka yi ta yaba waken, har yabon ya so ya yi yawa, Nedyalko na tsaye gefen tukunya da ludayi, idonsa a ƙasa. Zlatka ce ta shiga ɗaki ta fito da kwanukan Gergina gaba ɗaya, har waɗanda ba a taɓa ba tun rasuwarta.

"Yaya, ina za ki da su? Marasa zuwa ai ba su kai haka ba."

"Wake ya fi daɗi in ya kwana. Kowa zai tafi da nasa."

"Wanda ya ci a nan kuma ya tafi da wani? Yaushe aka fara haka?"

"Yau. Zuba."

Ya zuba. Tsakar gidan ta watse, kowane gida da shuɗin kwano a hannu.

Washegari da ya fito ba Sivka ruwan ƙarshe, ya tarar da kwanukan a jere a kan katangar dutse, a wanke, a rufe. Ya buɗe na farko, ƙwai ne. Da ya ɗaga ƙwan sai ya ga a ƙasa akwai abin da ba kaza ce ta sa shi ba: takardun kuɗi a ninke ƙanana. Na biyu cuku ne, ƙarƙashin ganyen haka. Na uku busasshen naman kaza na daji, haka. Ya yi ta buɗewa, hannunsa na ƙara nauyi. Wani kwanon tuffa ɗaya ce kawai a ciki, ja, an goge ta har tana ƙyalli, ba komai a ƙasa. Wannan ya fi daɗewa a hannunsa.

Zlatka ta iske shi zaune a kan dutse, fuska a murtuke.

"Aikinki ne."

"Ni wake kawai na raba."

"Ni ba mabaraci ba ne, Yaya. Yau zan mayar."

"Bismillah, kamar yadda Shukri ke cewa. Fara da wannan. Na wane gida ne?"

Ya dubi kwanukan. Shuɗɗa, masu murfi, duk iri ɗaya.

"Kuma tun da uwarka ta haife ka," ta ce a hankali, "ka taɓa jin an mayar da abin da aka sako a kwano? Shekara nawa suna cin naka? Kai kaɗai ne ɗan halak da za ka yi ta bayarwa ba a ba ka?"

Kwano ɗaya ne ya gane mai shi. Wuƙar Shukri ce a ciki, an wasa ta, a naɗe cikin tsummanta. Ya ɗaga murya ta kan katanga, "Tsoho, wannan fa?"

"Ajiya ce. Baɗi in na zo kada a sake nuna min albasa."

Abin da ke cikin kwanukan bai cike ramin duka ba. Amma da aka haɗa da na zuma da na rago, aka sayar da tsohon keken dokin da ke bayan gida, sai ya kai. Da dillalin ya iso da igiyarsa, Nedyalko ya ɗumama masa sauran wake, ya ce goɗiyar ta yi shawara ta ga ba ta son tafiya. Mutumin ya yi ta mita, ya cinye, ya gangara.

Aka yi aikin, ya dawo gida kafin ƙanƙarar farko ta sauka. Hunturun nan Shukri ne ya riƙa ba Sivka ciyawa, yana ce mata ta fi mai ita hankali.

Yanzu duk wata Nedyalko na gangarawa gidan waya ya biya nasa. Bai taɓa biya bai yi ƙorafi ba, har ma'aikaciyar ta haddace maganarsa, takan riga shi faɗa. Godiya kuwa ban ji ya yi wa kowa da baki ba, bai san wa zai yi wa ba. Sai dai kakar da ta biyo baya, aka fara wayar gari a ga itacen wuta a jibge a ƙofar gida, da sawun kofato a laka. Tun da bai san wanda ya sa da wanda bai sa ba, sai ya bi ƙauyen gida-gida, bai tsallake ko ɗaya ba.

Zlatka ta tare shi a bencin kanti. "Ka gani? Wanda ya zuba da wanda bai zuba ba, duk ka kai musu. Me na daɗe ina gaya maka?"

"Na ji, Yaya. Wa na ci tara?"

"Kai dai ba ka da magani."

"Ina da shi yanzu. Na biya."

A kurban na shekarar rago aka yanka. Nedyalko ya tsaya gefen tukunya da ludayi, bai ɗanɗana ba. Yana zubawa yana duban fuskokin mutane ɗaya bayan ɗaya. Na san abin da yake nema, mai tuffar nan yake nema. Bai gane ba har yau. Shi ya sa duk wanda ya miƙo kwano, sai ya nutsa ludayin can ƙasa inda naman yake.