Baba Ilyasu da Fitilar Cikin Mota

Idan aka idar da sallar asuba a unguwar Yelwa, nan Garwa, Baba Ilyasu ba ya komawa gida. Yakan biya wurin mai shayi ya sha kofi ɗaya a tsaye, sannan ya wuce rumfarsa ta kwano da ke ƙarƙashin darbejiya, bayan tashar motocin Marwa. Ya share ƙasa, ya shimfiɗa buhu, ya jera filaya da sukundireba da dunƙulen wayoyi ja da baƙi. Daga ƙarshe ya ciro wani tsohon cokalin shayi daga aljihun gaba, wanda ya daddaƙe gindinsa ya yi faɗi, ya naɗe shi da tsumma, ya ajiye shi a gefe shi kaɗai. Makarantar da nake koyarwa tana bayan rumfar, don haka shekara da shekaru ina wucewa ina ganin wannan tsari, bai taɓa sauyawa ba.

Gyaran wutar mota ne sana'arsa. Kakanninsa fatake ne da suka zo daga Kano da tufafi, 'yan'uwansa har yau suna da shaguna a babbar kasuwa, shi kaɗai ya bar yadi ya kama waya. Yana gyara batir da ba ya ɗaukar caji, da fitilun gaba, da motar da ta ƙi tashi. Amma ba don waɗannan na ɗauki alƙalami ba. Masu yin su suna da yawa a garin nan. Abin da ya sa nake jinjina masa shi ne ƙaramar fitilar nan ta cikin mota, wadda ke maƙale a rufi bisa kan fasinja, wadda direbobi da yawa ba su ma san ta mutu ba.

Cokalin nan nata ne. Zafin Garwa yakan busar da robar murfin fitilar har ta zama kamar ɓawon ƙwai. Mai gaggawa ya sa sukundireba, murfi ya tsage. Baba Ilyasu kuwa sai ya zura gindin cokali a hankali, ya ɗan karkata, murfi ya faɗo cikin tafin hannunsa lafiya lau. A da, abin da yakan tarar a ciki ƙwan fitila ne irin na dā, mai zare, wanda ya yi baƙi ya ƙona robar da ke kewaye da shi. Wani lokaci ma ba ya tarar da komai, domin direbobi kan cire ƙwan da kansu, saboda idan aka bar ƙofa a buɗe yakan shanye batir kafin gari ya waye.

Ba shi ya fara kawo ƙwan zamani na LED rumfar ba, kuma bai taɓa ɓoye haka ba. Geneviève ce, wata mata da ta yi makarantar koyon sana'a, ta zo aiki tare da shi bayan mijinta ya sami canjin wurin aiki zuwa Garwa. Ranar da ta miƙa masa na farko, ya jujjuya shi, ya sa a gurbinsa, bai kama ba.

"Kin ga kayan zamanin naku," in ji shi. "Tun a kwali ya mutu."

"Baba, juya shi. Wannan yana da kai da gindi, ba kamar tsohon ba ne."

Ya cire, ya juya, ya mayar. Haske ya cika motar. Ya ɗora yatsa a kan ƙwan, ya daɗe yana jira ya ji zafi, bai ji ba. Ya bar shi a kunne har aka yi azahar, ya dawo ya murɗa makulli, mota ta tashi bugu ɗaya. Sai ya dubi Geneviève ya ce, "Daga yau ke ce malama, ni ɗalibi. Amma kada ki gaya wa direbobi." Kafin la'asar duk tasha ta ji, kuma daga bakinsa.

Abu ɗaya ya ƙi yarda da shi. Akwai ƙwai masu farin haske mai shuɗi-shuɗi, samari suna son su domin suna ƙawata mota. Ya ce wannan haske yana mayar da fuskar mutum kamar an shafa mata toka, uwa ma sai ta kasa gane ɗanta. Shi mai ɗan ja-ja yake sawa, irin hasken da ke nuna mutum yadda Allah ya yi shi. A lokacin mun ɗauka tsufa ne kawai da son abin da aka saba.

Sai shekarun rikici suka zo. Duk wanda ya yi tafiya zuwa jihar Arewa Mai Nisa a wancan lokaci ya san shingayen da aka kakkafa a hanya, ya kuma san ƙa'idarsu idan duhu ya shiga. Ka tsaya nesa. Ka kashe fitilun gaba. Ka kunna fitilar ciki, kowa ya ɗora hannu inda za a gan shi. Sojan da ke tsaye a shinge shi ma ɗan wani ne, shi ma yana so ya koma gida. Idan mota ta tsaya a gabansa cikinta baƙi ƙirin, bai san ko mata ne 'yan kasuwa ba, ko waɗanda suka kashe abokinsa jiya. Kowa ya san abin da tsoro kan sa yatsa ya yi.

Tun daga nan Baba Ilyasu ya kafa doka a rumfarsa. Duk motar haya da ta shigo, ko me ya kawo ta, ba ta fita sai fitilar cikinta tana kamawa, ta gaba da ta baya. Ya kuma riƙa jawo waya ya dasa makunni kusa da sitiyari, domin kada direba ya miƙa hannu sama yana lalube cikin duhu a gaban mai bindiga. Direbobi suka yi ta gunaguni. Suka raɗa masa suna Sarkin Rufi, don tsokana. Ya amsa sunan, bai sassauta ba.

Wanda ya fi kowa gunaguni shi ne Maurice, direban wata tsohuwar bas da ke kai mata masu sarin kifi garin Maga. Wata rana da hantsi ya shigo da ita, batir ba ya caji, fasinjoji suna zaune a ciki suna fifita da gefen mayafi. Baba Ilyasu ya gyara abin da ya kawo shi, sannan ya ɗaga kai ya dubi rufi.

"Maurice, ina ƙwan wannan?"

"Baba, don Allah bar rufin nan. Na cire shi tun bara. Kafin magariba ina Maga ina cin shinkafa."

"Kai ka rubuta wa hanya takarda ta ce haka?"

"Maigida, matan nan za su cinye ni ɗanye. Dubi Dela, ta fara naɗe zane."

Daga bayan mota Dela, wadda ta fi duk matan baki, ta leƙo ta ce, "Malam, sake shi mu tafi. Fuskar tawa ce kake so a haska? Mijina ma da rana yake kallonta, yana haƙuri."

Baba Ilyasu ya yi dariya tare da kowa, amma makullin motar yana aljihunsa. Ya ciro cokali. Da ya buɗe murfi sai ya tarar wayar ta ƙone har cikin silin, dole aka zare ta aka sa sabuwa, aka dasa makunni. Aikin ya ci lokaci. Maurice ya tafi ko sallama bai yi ba.

Abin da ya biyo baya daga bakin Dela na ji shi, kuma Maurice bai musa ko kalma ɗaya ba. Bayan sun wuce Marwa taya ta fashe, ta ajiyar ma ba iska. Kafin a nemo mai faci rana ta faɗi. Ashe a wannan yini an yi tashin hankali a wani gari da ke kusa, su ba su da labari. Suna isa shinge sai suka ji tsawa, suka hangi soja guda ya durƙusa ya saita bindiga, yana ihu da Faransanci a kashe fitila. Maurice ya taka birki. Ya kashe fitilun gaba. Duhu ya rufe su, ba abin da ake ji sai salatin mata da addu'ar Delphine, maƙwabciyar Dela a kujera, tana kiran sunan Maryama. Sai yatsansa ya faɗa kan makunnin da ya yi fushi da Baba Ilyasu a kansa da safe.

"Malam, haske na kamawa," in ji Dela da take ba ni labari, "sai ga ni da kan kifi a baki."

Soyayyen kifin Binuwai ne da Delphine ta ƙullo don guzuri. Tun daga Garwa take cewa ƙullin yana raguwa, Dela tana cewa ita ko ƙamshinsa ba ta ji ba. Da duhu ya shiga Dela ta sake zura hannu, tsawar soja ta same ta da kan kifi tsakanin haƙora, tsoro ya hana ta tofarwa, ya hana ta haɗiyewa. Ga hannuwa sama, ga kifi a baki. Delphine ta juya ta gan ta, ta manta da bindiga, ta ce, "Ɓarauniya! Ashe ke ce!"

Sojan ya matso a hankali. Ya ga tsofaffin mata, ya ga uwa da jariri a cinya, ya ga kwanduna wayam, ya ga Dela. Dela ta ce sojan yaro ne ƙarami, gumi ya jiƙa masa wuya. Ya sauke bakin bindiga ƙasa, ya yi wata irin dariya mai kama da kuka. Ya karɓi katin shaida ɗaya bayan ɗaya, ya dubi hoto, ya dubi fuska, suka yi daidai. Ya ce wa Maurice, "Maigida, yau da cikin motar nan duhu ne, ban san abin da zan yi ba. Ku wuce."

Har gobe Maurice yana cewa da Baba bai tsare shi da safe ba, da ya wuce shingen da sauran rana. Baba Ilyasu kuma yakan ce, "Ni na fasa maka taya?" A nan gardamar take tsayawa kullum. Amma Maurice ne ya riƙa jawo sauran direbobi da kunne yana kawo su rumfar.

Baba Ilyasu, kai ne ka ɗauki aikin da ba a yabo ka riƙe shi da mutunci. Ba ka taɓa bin hanyar Maga a waɗannan shekaru ba, ba ka ga shingen da idonka ba, amma ka zauna a ƙarƙashin darbejiya ka yi tunanin mutum biyu da ba su san juna ba, ɗaya a mota, ɗaya a bakin hanya, kowanne yana tsoron ɗan'uwansa. Ka ce bari su ga juna tukuna. Mu malaman makaranta muna shekara muna koya wa yara wannan, ba lallai mu dace ba. Kai ka yi shi da cokalin shayi.

Bana idanunsa suka yi rauni, yanar ido ta shiga, har ba ya bambance jar waya da baƙa sai ya kai su dab da hanci. Ya ce ba zai yi wa motar mutane lalube ba, ya miƙa rumfar ga Geneviève. Ranar da zai bar aiki, bayan sallar magariba, direbobin tasha suka jero motocinsu a gaban rumfar. Maurice ya ɗaga hannu, duk suka kashe fitilun gaba, suka kunna na ciki. Layi guda na motoci, kowacce cike da ɗan jan haske, ga direbobi zaune a ciki suna ɗaga masa hannu. Dela da Delphine suna motar farko, sun zo masa da ƙullin kifi, Delphine ce ke riƙe da shi.

Muka zaci zai yi jawabi. Bai yi ba. Ya kama hannun Geneviève ya bi layin a hankali, yana leƙa kowace taga, yana kiran direba da sunansa. Da ya zo kan bas ɗin Maurice sai ya tsaya, ya daɗe yana duban bayanta.

"Maurice."

"Na'am, Baba."

"Ta bayan nan ba ta kama ba. Idona ne, ko ita ce?"

Maurice ya juya, ya sosa ƙeya. "Baba, jiya-jiyan nan ta..."

Baba Ilyasu ya sa hannu a aljihun gaba ya ciro cokalin. Ya ɗan riƙe shi, sannan ya ɗora shi a tafin Geneviève, ya ce, "Karɓe makullinsa tukuna, malama. Wannan gudu yake yi."

Mun gode, Sarkin Rufi. Allah ya ba idanunka lafiya, ya saka maka da alheri a madadin duk wanda ya koma gida bai ma san sunanka ba. Ku kuma masu sana'a, ko wace iri ce, ku duba ɗan ƙaramin aikin nan da kuke tsallakewa domin ba wanda zai tambaya, ku yi shi yadda wannan dattijo ya yi nasa. Direbobi, kafin ku ɗauki mutane gobe, ku ɗaga kai ku dubi rufi. Idan ba ta kama ba, rumfar tana nan bayan tasha, cokalin ma yana nan.