Ba Ta Aiki, Taya Ni Take

Shekarar da furoje, wani shirin taimako, ya ɗauke ni aiki ina da goyo ɗan wata bakwai, wani ƙaton yaro mai nauyi kamar turmi, wanda ba ya yarda a ajiye shi ƙasa ko na ƙiftawar ido. Ina kuma da bakin da ba ya gajiya, ina jin don shi aka ɗauke ni. Furojen na yaran da aiki ya hana shiga lakol ne, wato makarantar boko. An ce za a buɗe aji na musamman a ƙauyukan fadamar Tama domin waɗanda shekarunsu suka wuce na shiga ajin farko, a koya musu da sauri, sannan a haɗa su da sauran 'yan lakol. Amma sai garin da aka samu yara masu aiki za a ba wa ajin. Garin da takardarsa ta fito wayam, sai dai ya ji labari.

Kwana uku muka yi a Madawa ana koya mana cika takardar. Da Faransanci aka rubuto ta, aka ce kowa ya juya wa mutanensa da Hausa. Tambayar farko ita ce: yaronka yana aiki? Na ce a raina, don wannan aka tara mu har da ba mu shinkafa? Ni da na yi koleji!

Wadda ke goya mini yaron ɗiyar yayana ce, an ba ni riƙonta tun tana 'yar ƙarama. A lokacin shekararta goma sha ɗaya, kuma ba ta taɓa taka lakol ba. Shekarar da ya kamata a sa ta ina jinya. Da shekara ta zagayo na ce baɗi, baɗi ta zo na sake cewa baɗi, har daraktan lakol ya ce ta yi girma. Wannan ajin na furoje shi ne ƙofar da ta rage mata, kuma ta sani, don kunnenta ba ya barin komai ya wuce. Ranar da za mu fara zagaye, tana ɗaura majanyi, ta ce a hankali:

"Gwaggo, ni ma za ki rubuta ni?"

Na ce, "Ke? Takardar yara masu aiki ce. Ke wane aiki kike yi? Taya ni kike. Gyara masa kai mu tafi, rana na yi."

Ta gyara goyon ta biyo ni.

Mutumin farko a lambunsa na albasa na same shi, taɓo har gwiwa. Bayan gaisuwa na ɗaga bik, abin rubutuna, na yi irin muryar ma'aikata, na ce, "Malam, ɗanka yana aiki?"

Ya waiwaya ya dubi yaron, wanda ke can yana buɗe wa ruwa hanya daga fangali zuwa fangali, leɓensa ya yi fari don sanyi. Ya kwashe da dariya.

"Wa? Wanga? Haba Madan! Da shina aiki ai da ba ki ishe ni cikin taɓo ba. Aiki sai ku da kunka yi lakol. Allah dai shi ba shi."

Na ce amin, na rubuta a'a.

Gida na biyu, uwar har ta ji haushi. "Aiki? Wagga ragguwar ɗiya? Ruwa kawai taka ɗebowa, sai itace, sai daka, sai ta kai hura gona, in ta dawo ta koro awaki. In ba wannan ba, wallahi ba ta tsinana komi." Na rubuta a'a.

Kafin in kai gida na biyar labari ya riga ni, wai Madan na rubuta sunayen yara ne jandarma su zo su kama iyayensu. Wani bawan Allah ya rantse mini ba shi da ɗa namiji ko ɗaya, sai ga atishawa daga cikin rudu, rumbun da yake ajiyar albasa. Ya ce akuya ce. Akuyar ta ce, "Baba, in hito?" Na yi dariya har bik ya faɗi, amma shi ma a'a na rubuta masa, tunda abin da ya ce ke nan.

Abin da na sani tun ina yarinya, amma takarda ta mantar da ni, shi ne a wurinmu aiki abu ne mai albashi, ko wanda ake tafiya bida a yi a wata ƙasa. Ban ruwa ba aiki ba ne, kiwo ba aiki ba ne, raino kuwa ko a lissafi ba ya shiga. Duk waɗannan sunansu taya iyaye.

Ranar Talata shef ɗinmu, wato shugabanmu na furoje, ya zo daga Buza a kan babur. Mutum ne da ba ya ɗaga murya, shi ya sa maganarsa ta fi zafi. Ya buɗe takarduna ɗaya bayan ɗaya, ya cire tabarau, ya ce, "Barka, Madan. Kin gano mana gari guda a duniya inda yara ke kwance suna hutawa. To, ba su bukatarmu. Jumma'a zan dawo in kwashi takardu. In haka suke, ajin can wajen Tabotaki za shi."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na bi hanya ina faɗa ni kaɗai, mutanen gari maƙaryata ne, ana son a taimake su suna ɓoye 'ya'ya cikin albasa. Yarinyar na biye da ni tana jijjiga yaron. Ita ma ta ji abin da shef ya ce, na ga fuskarta ta canza, amma na ɗauka rana ce.

Ƙafata ta kai ni gidan ungozomar garin, wata tsohuwa da haƙoranta suka ƙare amma harshenta na nan garau. Rabin garin a hannunta suka faɗo, saboda haka ba wanda take jin nauyi. Na same ta tana dunƙula gabu, dakakken ganyen albasa, tana jerawa a tabarma. Na zazzage mata komai. Ta saurare ni har na gaji, sannan ta ce:

"Ke ɗiyata, da lakol ɗinki da komi, ba ki iya tambaya ba. Wa za ya ce ɗanshi na aiki? Bar wagga kalma. Ki ce musu: in an ɗauke yaron ga da hantsi, mi za ya tsaya?"

Na ce, "Shi ke nan, Inna?"

"Shi ke nan. Tahi ki gani. Kuma ki bar ɗaga abin rubutun nan sama awa mai shirin yin allura."

Wallahi kamar an fasa tulu. Mai albasa ya ce, "In an ɗauke shi? Ai ban ruwa ya tsaya, albasa ta ƙone!" Uwar raguwar yarinya ta dafe ƙirji, ta ce gidan gaba ɗaya za ya tsaya, ko wuta ba za a hura ba. Mai akuyar cikin rudu, da ya tabbata ba jandarma, ya fito da 'ya'ya maza uku. Daga nan ma magana ta gyaru, don da suka faɗi abin da zai tsaya sai muka zauna muka duba yadda ba zai tsaya ba. Suka ce in dai ajin zai fara bayan an gama ban ruwan safe, kuma a sassauta makon dashe, sun yarda. Mata uku suka haɗa awakinsu wuri ɗaya, wani tsoho ya karɓi kiwon. Cikin kwana biyu takarduna suka cika, har hannuna ya yi ciwo.

Ranar Alhamis da la'asar na koma wurin tsohuwar ina tafe ina yanga, na baza mata takardun kamar ta iya karatu. Na ce, "Inna, kin ga aiki! Ba gidan da na bari."

Ba ta ko dube su ba. Ta ce, "Saura gida guda."

"Wane? Na zagaye garin nan kaf."

Ta ɗaga haɓa ta nuna bayana. Yarinyar na tsaye a gindin itacen bedi, ta ranƙwafa kaɗan, tana jijjiga ƙaton nawa da ya fara rigima. Tun safe yake bayanta.

"Waccan," in ji tsohuwar, "in an ɗauke ta da hantsi, mi za ya tsaya?"

Na buɗe baki na ce, "Haba Inna, ai ita ba ta aiki, taya ni..." Sai na ji muryata sak ta mai albasa. Sauran maganar ta maƙale. Amsar ɗaya ce, kuma na san ta: ni zan tsaya. Ni da takarduna, da yangata, da wa'azin da nake bi gida gida ina yi wa mutane a kan 'ya'yansu.

Kunya ta kama ni, kuma ni kunyata faɗa take zama. Na ce wa tsohuwar ta cika shiga abin da ba ruwanta, wa zai riƙe mini yaron, ko ita za ta goya shi? Ta ci gaba da dunƙula gabunta, ta ce, "Ni ban ce komi ba. Tambayarki ce."

Da faɗan ya ƙare na jawo takarda; layinta ya cika, sai a ƙasa can gefe na matsa na rubuta sunan ɗiyar yayana. Yarinyar ta matso tana leƙe, ta ce, "Gwaggo, wanne ne nawa?" Shekara goma sha ɗaya, ba ta san kamannin sunanta ba, a gidan wadda ta yi koleji. Na nuna mata da yatsa. Na ce, "Kwanto mini shi." Da na ɗora shi a bayana sai da na ce wash. Ashe haka ya yi nauyi, ni uwarsa ban sani ba.

Da shef ya zo Jumma'a ya ga sunan a gefe, ya ce, "Wannan ba ta gidanki ba ce?" Na ce, "Ita ce. Akwai magana?" Ya mai da tabarau ya ce babu.

An yi ajin a rumfar kara bayan lakol. Makon farko na biyo ta wurin da goyona, bayana na ciwo, na leƙa ta jikin zana. Yarinyar na gaba, ta fi kowa tsawo, ta riƙe alli kamar za a ƙwace mata. Sai na ga tana lilo gaba da baya a zaune, hannunta na hagu ya zagaya baya yana bubbuga inda ba kowa. Mushe, malaminsu, ya ce ta zauna daidai, ta tsaya cak, yara suka yi dariya, ita ma ta yi. Da ta sunkuya kan allo, ba a jima ba ta koma jijjigawa. Na tsaya nan bayan zana ina share hawaye da bakin zane, yaron na jan ɗankwalina. Sai da damina ta faɗi kafin bayanta ya yarda ba kowa a kansa.