Shirun Uwar Ɗan Fari

Sakaran wannan labari ni ne, na faɗa tun da wuri don kada mai karatu ya wahala da nema.

Karatuna na boko bai wuce aji huɗu ba a Maraɗi, sauran ilimin a bayan sitiyarin tasi na same shi, tsakanin Silver Spring da Washington a Amurka. Duk da haka ba a taɓa kawo maganar da na rasa ra'ayi a kanta ba. Lokacin da 'yata ta shiga jami'a, sai ta fara dawowa da littattafan tatsuniyoyin Girkawa, wai matan zamani sun sake rubuta su daga bakin matan da aka manta a ciki. Na ce ikon Allah, mun tsallako teku don a koya wa yarinya gatanan gatananku.

Wata Lahadi da la'asar, uwarta na yanka kuɓewa, ni ina miƙe a kujera, 'yata ta ba mu guda ɗaya. Wani sarki ne ya tafi yaƙi, ya ɓata a hanya shekara da shekaru, duniya na ta waƙarsa. Matarsa na gida tana jira, babu wanda ya tambaye ta yadda ta kwana.

Na gyara zama. Na ce ai wannan ni ne sak. Na soma labarina da kowa ya haddace, daga taron suna na Germantown zuwa na Manassas: yadda na kwana a mota cikin ƙanƙara, yadda na daɗe ba takardar zama, ba damar komawa gida, har Allah ya sa na kawo iyalina.

'Yata ta ce, rabi da Turanci rabi da Hausarta mai ɗingishi, "Baba, naka mun ji. Na Inna nake so. Ina so ta gaya mini yadda yayana ya rasu."

Wuƙar ta tsaya.

Ɗanmu na fari ne. Zazzaɓi ya ɗauke shi ina nan Amurka, 'yata kuwa tana ƙarama sosai, ba ta riƙe ko kamanninsa ba. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, kunya ce. Yana raye ba ta kira shi ba, ya mutu ma ba ta kira shi ba. Ni kuma da hankalina na tasi, na ɗauki wannan shirun na sa masa suna haƙuri, ina ta yabonta da shi a gaban baƙi.

Gabana ya faɗi, amma bakina bai san haka ba. Na ce, "Ke, wannan ba maganar Girkawa ba ce. Uwarki mace ce mai tawakkali, ko hawaye ba ta yi ba. Zauna in gaya miki. Ranar nan na sauke wani fasinja ke nan a bakin tashar jirgin ƙasa, ruwa na zuba..."

"Baba, don Allah."

"Bari in ƙarasa mana. Ai ni ne ubansa."

Yarinyar ta fara tattara littattafanta, idonta ya yi ja. Na ga alamar in ta tashi ba za ta ƙara tambaya ba har abada, amma na ci gaba da ruwan sama da fasinja, don ban san wata hanyar ba.

Matata ta ajiye wuƙar a kan faranti. Ta riƙo hannun 'yarta ta zaunar da ita kusa da ita. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta ma dube ni ba.

Ta ce, "Malam, kai waya aka buga maka. Ni a cinyata ya yi sanyi."