Giɓin Katangar Mai Keke

Duk wanda ya tashi a layin bakin kogi ya san ƙarar keken ɗinkinta kafin ya san fuskarta. Mai Keke kowa ke ce mata, har jikokinta ma sai sun yi tunani kafin su tuna ainihin sunanta. Tana amarya ta zo layin. Mijinta mai gyaran injin jirgin ruwa ne, ya rasu da ƙuruciyarsa ya bar ta da yara ƙanana, kuma keken nan ne ya raine su: kayan makaranta, labule, facin wandon masunta. Ba ta da yawan magana. Kullum akwai allura a leɓenta, in ka yi mata tambaya sai ta ɗaga maka gira, kai ka san yadda za ka fassara.

Allah da ikonsa, sai ya haɗa ta maƙwabtaka da wata mata da ake ce wa Rediyo. Wannan baiwar Allah ba a kashe ta, ba a rage mata murya. Daga ta buɗe ido take kama tasha: wa ya haihu, wa ya yi yaji, kifin wa ya ruɓe a kasuwa. Katangar da ke tsakanin gidajen biyu gajera ce, iya ƙugu, kuma wata shekara da kogi ya cika ya yi ambaliya sai ta zube a tsakiya, ta bar giɓi daidai wucewar mutum ɗaya. Mazajensu sun yi ta cewa gobe za su gyara, har ƙasa ta rufe musu ido.

Ta giɓin nan komai ke wucewa. Gishiri, ashana, tsintsiya, jariri mai rigima, labarin rasuwa. Mai Keke ta kafa kekenta a bakinsa, wai nan ya fi haske. Rediyo kuma ta dasa 'yar kujerarta a ɗaya gefen, ƙarƙashin itacen lemonta. Wannan na taka keke, waccan na zuba.

"Ke dai bakinki ba ya gajiya," in ji Mai Keke, allura a leɓe.

"Ai naki kunnen ma bai taɓa cewa ya ƙoshi ba."

Akwai abin da ba kowa ya lura da shi ba. Tun suna amare har furfura ta rufe su, babu wadda ta taɓa shiga gidan 'yar'uwarta ta ƙofa. Ba su taɓa yi wa juna sallama ba. A wurinsu sallama ta baƙo ce, su kuwa sai dai a ɗage zane a tsallaka.

Autan Mai Keke ya yi karatu, ya yi aiki a nesa, ya dawo da abin hannunsa da kuma zuciya mai kyau. Bai taɓa manta ranar da ruwa ya shigo musu ɗaki ba, ya ga uwarsa tsaye a cikinsa har gwiwa, ta ɗora kan keken a kanta. Ya yi alkawari ruwa ba zai sake taɓa ta ba. Ya zo da mai zanen gidaje, aka auna, aka zana. Ya tambaye ta launin fenti, ya tambaye ta irin tayil ɗin da take so. Katanga ce kawai bai tambaya ba, don shi a ganinsa katanga katanga ce.

Ranar da Mai Keke za ta koma gidan 'yarta a fara rushe tsohon gidan, Rediyo ta miƙo hannu ta giɓin ta ɗauki babban almakashinta.

"Zan rage bakin labule."

"Ki dai dawo min da shi."

"In kin dawo kya karɓa."

Da Mai Keke ta dawo, sai ta tarar da bene a kan ginshiƙai, yadda ko kogi ya yi fushi sai dai ya wuce ta ƙasa. Fuskar da ke kallon ruwa gilashi ce daga sama har ƙasa. Ɓangaren layi kuwa bango ne fari fat, sai 'yan tagogi can sama. An kewaye shi da katangar da ta fi tsayin mutum, da ƙofar ƙarfe mai ƙararrawa. Giɓi kam babu ko alamarsa.

Layin ya samu abin taunawa. Mai aski ya ce gidan ya juya musu ƙeya, kamar su ne suka yi masa laifi. Mai kanti ya ce hassada ce kawai, wannan shi ne ci gaba, kuma a zuba ido a ga yadda layin zai yi daraja. Wani masunci ya ce shi ba ruwansa da kyau ko muni, shi dai in rana ta bugi gilashin nan kashe masa ido take yana cikin kwale-kwale. Tsohon malamin makaranta ya ce gida ya yi kyau, sai dai baƙo ne da ya fi masu gida kwalliya. Ita kuwa Rediyo cewa ta yi, da muryar da ake ji har bakin ruwa, an ɗauki ƙawarta an jefa a kwalba kamar kifin ado. Maganar ta iso kunnen Mai Keke, ta kuwa ji zafinta, don duk abin da aka faɗa wa gidan da ɗanta ake.

A faɗi gaskiya, gidan ya yi kyau. Babu yoyo, babu sauro, babu warin laka. Daga inda aka ajiye mata keken tana ganin kogi daga wannan kwana har waccan. Amma gilashin mai kauri ne, ba ya barin sauti ya shigo. Tana ganin masunta suna buɗe baki suna kiran juna, ba ta jin komai. In ta taka keken, ƙarar sai ta zaga ɗakin ta dawo mata ita kaɗai. Sau da yawa takan ce "uhm" a tsakiyar ɗinki, kamar yadda ta saba amsa wa Rediyo, sai ta waiga ta ga labule. Kewa ta kama ta, irin wadda ba ta ji ba tun rasuwar mijinta. Takan je ta tsaya ƙarƙashin 'yar tagar bayan gida ta kasa kunne. Da farko tana ɗan jiyo muryar Rediyo can ƙasa. Daga baya sai ta riƙa raguwa, har mutanen layi suka fara cewa batirin Rediyo ya yi sanyi.

"Inna, ki je mana ki gan ta," in ji Auta. "Ƙofarta ga ta nan kusa da tamu."

"Ta ƙofa?" Ta dube shi kamar ya ce ta dira ta taga. "In tsaya in yi mata sallama? In ta ce wa ke nan, in ce wa?"

"To bari in aika a kira ta."

"Ta zo ta danna ƙararrawa kamar mai talla? Lallai ba ka san ta ba."

Haka aka zauna. Mai Keke na cewa ai almakashina na hannunta, ita ya kamata ta kawo. Rediyo na cewa mai kaya ai ta san inda kayanta yake. Tsofaffi biyu, bango ɗaya a tsakaninsu, kowacce na jin kunyar ta zama baƙuwa a gidan da ta yi renon 'ya'yansa.

Maganar mai kanti ce ta tabbata. Layin ya yi daraja, masu motoci suka fara zuwa suna leƙa gidajen bakin ruwa. Wata safiya matar mai aski ta kawo ɗinki, tana warware yadi take cewa, "Ashe maƙwabciyarki yau za ta tashi? 'Ya'yanta sun sayar da gidan, za su tafi da ita can wurinsu. Sun ce ƙafafun nan nata ba za su bar ta zaman kaɗaici ba."

Mai Keke ta zare allurar daga leɓenta. Ta dafa bango ta sauko ƙasa. Akwai magini a tsakar gida yana ƙarasa wurin ɗora tankin ruwa. Ta kai shi jikin katanga, daidai inda reshen lemo ya leƙo.

"Ka fasa min nan."

"Mama, ai sai mai gidan ya ce."

"Ni na haifi mai gidan. Ɗauko gudumarka."

Yana cikin dukan bulo Auta ya fito da sauri, baki buɗe. Ya dubi katangar, ya dubi fuskar uwarsa, sai ya haɗiye abin da ya zo da shi. Ya naɗe hannun riga ya shiga kwashe ɓaraguzai.

Da ƙura ta lafa, ga Rediyo nan zaune a kan 'yar kujerarta, daidai inda take zama tun fil azal, fuskarta na kallon bangon. Ƙasan wurin ya yi sumul saboda zama. Kewaye da ita ƙunshin kaya ne a ɗaure, ɗankwalinta ya yi fari da siminti.

"Kin kusa rotsa min kai," in ji ta.

"Kanki ya fi bulo tauri."

Daga nan Rediyo ta buɗe baki, magana ta ƙi fitowa. Mai Keke ta sa aka sauko mata da keken, aka kafa a bakin giɓin, ta ɗora yadin matar mai aski ta fara takawa. Ƙarar keken ce ta kunna ta. A hankali ta soma, muryar a dushe: jikar mai kanti ta haihu, lemon bana bai yi ruwa ba, gwiwar hagu ta fi ta dama mugunta. Mai Keke na cewa "uhm", hawaye na ɗiga kan yadin mutane, ɗinkin duk ya karkace ba ta damu ba.

Rana ta ɗan karkata aka ji hon ɗin motar kaya a ƙofar gida. Rediyo ta laluba cikin jakarta ta zaro almakashin, ta miƙo ta giɓin.

"Ga kayanki."

Mai Keke ta ƙi ɗaga hannu daga kan keken. "Ai ba ki gama da shi ba."

"Tun bara na rage labulen."

"Na ce ba ki gama ba."

Rediyo ta mayar da shi jaka, 'yarta ta kama ta, suka fita. Babu wadda ta ce sai wata rana.

Har yanzu a nan Mai Keke ke ɗinki, ƙarƙashin benen, bayanta ga kogin da aka kashe dukiya don ta riƙa kallo. An rushe gidan Rediyo, an sare lemon, sabon mai wurin zai tayar da nasa benen na gilashi. Ya aiko cikin ladabi yana neman a toshe ramin katangar, Auta ya zo ya durƙusa ya faɗa mata.

"A bari tukuna," in ji ta, ba ta ɗago daga keken ba. "Akwai wadda za ta kawo min almakashina, kuma ba ta san hanyar ƙofa ba."