Indararon Ɗakin Iya

A gidanmu na Roni ɗaki ɗaya ne mai rufin soro, sauran duk na ciyawa ne. Mahaifina ya gina shi da azarar giginya, kuma bayan rasuwarsa Iya, mahaifiyata, ta ci gaba da zama a ciki. Zamanin En'e ne, rufin kwano sai a ginin hukuma.

Soro yana jure rana, yana jure iska, amma ba ya jure ruwan da ya kwanta masa. In ruwa ya rasa hanya sai ya jiƙa ƙasar rufin, ƙasar ta yi nauyi, azara ta gaji. Shi ya sa ake sa indararo. Namu guntun giginya ne da aka rarake aka cusa shi ta ƙarƙashin rawani, wato 'yar katangar nan da ke zagaye da bakin rufi. Bakinsa ba a gidanmu yake zuba ba, a bayan ɗakunan maƙwabcinmu yake zuba, domin ta can ƙasa ta gangara. Iyayenmu ne suka yi wannan yarjejeniya tun ba a haife ni ba. A gidan maƙwabcin kuma akwai wata ƙatuwar ceɗiya, duk rani ganyenta a kan soronmu yake sauka.

A wancan lokaci namiji baligi ba ya hawa soro haka kawai. Wanda ya hau yana ganin tsakar gidan mutane, a tsakar gida kuwa mata ke sha'aninsu. Sai ka je wurin maigidan ka nemi izini, shi ya shiga ya faɗa wa iyalinsa, sannan ka ɗaga murya ka ce za a hau. Wanda ya hau ba izini, ko bai ga komai ba, maganar ba ta barinsa har jikokinsa.

Maƙwabcina Bafillace ne, yana cikin bayin Allah da ke hidima a gidan hakimi. Da bazara ta yi nisa sai tafiya ta kama hakimi zuwa Kazaure, shi kuma yana cikin 'yan rakiya. Kafin su tashi ya same ni a ƙofar gida.

"Malam, ka hau ka share soron nan tun ina gari. Ban san ranar dawowarmu ba."

Na ce masa in sha Allahu gobe. Karatuna bai yi nisa ba, amma na san akwai in sha Allahu ta niyya, akwai kuma ta kore mai magana, tawa irin ta biyun ce. Allah Ya yafe mini. Gaskiyar ita ce ina tsoron hawa. Kowace shekara da ƙyar nake taka tsani, ban kuma taɓa faɗa wa kowa ba. Ga sauran harawar ragona da na jibge a kan rufin tun kaka, iska ta wargaza ta. Na yi ta cewa gobe, har wata safiya na ji an ce hakimi ya tashi.

Ba a jima ba aka yi yayyafin farko, ɗan kaɗan, wanda ko ƙura bai gama kashewa ba. Da gari ya waye Iya ta kira ni. Ta ɗaga sandarta ta nuna sama. Tsakanin azara biyu, daidai kan gadonta, ƙasa ta yi baƙi kamar faɗin faifai.

Maiɗakina tana da tsohon ciki a lokacin, amma takan leƙa maƙwabta. Ta dawo ta ce mini ko ɗigo bai fito ta indararon ba, kuma ya zame, ya rataya, an bar rami tsakaninsa da bango. Ka ga ba aikin share ganye ba ne kaɗai da za a ce a tura yaro. Guntun giginya ne mai nauyi, sai babba ya janyo shi ya mayar da shi mazauninsa.

Na roƙi Iya ta koma ɗakin maiɗakina kafin a gyara. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Mahaifinka na raye ban kwana a ɗakin suruka ba, sai yanzu da furfura? Kai dai ka gyara abin da ka bari."

Na aiki maiɗakina wurin matar maƙwabci. Amsar da ta zo da ita ita ce maigida ba ya nan, ita kuwa ba ta da ta cewa. Ƙari a kan haka, ƙanwar maigidan ta zo gida haihuwar fari, tana wankan jego safe da yamma, kuma wurin wankan shi ne bayan ɗakunan nan, a ƙarƙashin indararon namu.

Saura mutum ɗaya da za ta iya ba da izini, wato Goggo, mahaifiyar maƙwabcin. Mu asalinmu Barebari ne, akwai wasa tsakaninmu da Fulani, ita kuwa Goggo ta riƙe wasan nan kamar sana'a. Ko a hanya ta gan ni sai ta tara mini jama'a. Na san kuma tana zaune a zaure ranar da ɗanta ya gargaɗe ni. Sai na zaɓi in jira dawowar hakimi, don kada tsohuwa ta yi mini dariya. Mahaifiyata tana kwana a ƙarƙashin jiƙaƙƙen rufi, ni kuma abin da nake karewa ke nan.

Rannan bayan azahar zafi ya tsananta, iska ta tsaya cik. Da na fito daga masallaci na dubi gabas sai na ga hadari ya taso ta bayan duwatsu, baƙi ƙirin, irin wanda ba ya wucewa. Manoma suna murna, ni kuwa rufin Iya na tuna. Na ruga gida, na ciro tsani na jingina da bangon ɗakin Iya. Na ce a raina zan hau in yi sauri, ba wanda zai sani.

Ƙafata ɗaya tana kan tsani na ji muryarta daga bakin ƙofa.

"Wa ya ba ka izini?"

"Iya, dubi gabas."

"Na gani, ba makauniya ba ce ni. Sauke ƙafarka."

"Rufin nan zai iya faɗo miki."

"Ya faɗo. Gara a ce soro ya danne ni da a ce ɗana ya leƙa mai jego. Ga ƙofar mutane can, kafinta bai toshe ta ba."

Na zagaya na yi sallama a zauren maƙwabci. Sai da na maimaita kafin Goggo ta fito, hannunta duk toka, idonta ya yi ja don hayaƙi.

"Lale da bawana! Yau Babarbare ya tuna da uwargijiyarsa. Me ka kawo mini?"

"Goggo, ina wuni. Izini na zo nema, in hau soro."

"Yau ne goben?"

Na sunkuyar da kai. Ta yi dariya har da dafa bango, sannan ta ɗaga ido ta dubi hadarin, dariyar ta tsaya.

"Ruwan wanka yana kan wuta, ya tafasa. In na jira ka gama, sama ta kashe mini murhu, yarinyar nan ta kwana ba wanka sanyi ya shige ta. In kai ka jira mu gama, ƙawata ta kwana a kango. To ya za a yi ke nan, mai dabarar Barno?"

"Duk yadda kika ce, Goggo."

"Rawanin soronku ya kai ina?"

"Ya kai gwiwa."

"To da ciki za ka ja, kamar ƙadangare, dama kun yi kama. Bakin indararo na ciki yana ƙasan rawani, ba ka da dalilin ɗaga kai. Surukata za ta yi wa yarinyar wanka, ni kuma zan tsaya da doguwar gora in tura maka shi daga waje. In na hangi ko da bakin hularka, da gorar zan gaishe ka. Ka yarda?"

Na ce na yarda. Ta juya cikin gida ta ƙwala murya yadda har unguwa ta ji: "Za a hau! Da izinina za a hau, kowa ya shaida!"

Kafin in dawo maiɗakina ta kwaɓa ƙasa a tsohuwar ƙwarya, ta tsinto duwatsu da tsingaro. Na ɗaure su a tsumma na rataya a wuya. Iya ta riƙe ƙafar tsani da hannu ɗaya, ko da yake riƙon nata ba zai hana komai ba. Na yi bismilla na hau. Tsoro ya kama ni kamar kullum, sai dai ina kaiwa sama na kwanta rub da ciki, na ga ashe a kwance ba na jin tsoron sosai.

Abin da na tarar ya fi abin da na zata. Ganyen ceɗiya da kararen harawa sun taru a kusurwar indararo sun zama kamar taki, har wata ciyawa ta fara tsiro a kai. Ƙasar wurin ta yi taushi, in na danna tafin hannu sai ya bar shaida. Na ja jiki a hankali ta gefen rawani inda azara ta fi ƙarfi. Na dinga yaɓo ruɓaɓɓen ganyen nan da hannu ina turawa baya, ƙwari suna bin damtsena.

Daga ƙasa tururi yana tasowa yana wuce kaina, da ƙamshin ganyen wanka. Ina jin faɗuwar ruwan zafi, ina jin jaririn yana tsala kuka a ɗaki. Na manna kuncina da ƙasa na kafe idona a kan ramin.

"Ka kama shi?" in ji Goggo.

"Ban kai ba, ƙara turowa."

"Wai ni tsohuwa ce zan yi maka aikin duka? Ungo!"

Guntun giginyan ya motso. Na cusa hannu har kafaɗa na cafke bakinsa, na ja. Ya ƙi. Iska ta taso da ƙarfi, ta kwashi ganyen da na tara ta watsa mini a fuska. Aka yi wata tsawa a kan duwatsu, ban san lokacin da na zabura ba. Sai ji na yi ƙwal a tsakar kaina, hulata ta yi tsalle ta faɗa can.

"Na ce maka!"

"Wallahi tsawa ce, Goggo, ban ga komai ba!"

"Na sani, shi ya sa na yi a hankali. Ja!"

Na dafa ƙafa da rawani na ja da duk ƙarfina, ita kuma ta tura, sai ya shigo ya zauna daram. Na cusa duwatsu ta gefe da gefe, na cike da ƙasa, na danna tsingaro a kai don kada ruwa ya wanke ɗanyen yaɓen. Na zura sanda cikin indararon, ta yi karo da wani abu, na ƙara turawa. Wata sheƙar tsuntsu ta fita ta waje, na ji Goggo tana salati tana cewa a kanta ta sauka, kuma sai na biya ta wankin kallabi.

Ɗigon farko ya same ni ina tura sauran harawa zuwa tsakar gidanmu. Kafin in kai tsani ruwa ya kece. Na ji ana gudu a maƙwabta, ana jan tukunya, surukar Goggo tana cewa an gama, an shiga da ita. Ya kamata in sauka, amma na kasa. Na kwanta a nan ruwa yana dukan bayana, ina kallon yadda yake taruwa a kan rufin. Ya taru, ya yi kamar zai tsaya, sannan ya miƙe gaba ɗaya ya nufi kusurwa. Sai na ji ƙarar zubarsa a ƙasa ta wancan gefe, mai kauri, ba yankewa. Tun da nake ban ji abin da ya yi mini daɗi a kunne kamar wannan ba.

"Yana zuba!" Goggo ta yi ihu daga inda ta fake. "Sauka, kada ka narke, ba ni da wani bawan!"

Na sauko na shiga ɗakin Iya ko sallama ban yi ba. Tana zaune a kan gadonta, daidai ƙarƙashin tabon, tana jan carbi. Na tsaya na zuba wa wurin ido. Ruwa yana ta zuba a waje kamar da bakin ƙwarya, tabon bai ƙara faɗi ba. Can kusa da bango wani ɗan ɗigo yana sauka jifa-jifa, maiɗakina ta riga ta tara masa akushi. Na jira, na ƙara jira, azara ba ta yi ko ƙara ba. Na zauna a ƙasa ina alhamdu lillahi.

Iya ta kai ƙarshen carbinta, ta shafa, sannan ta dube ni, jikina duk taɓo da ganye, rigata tana ɗigar ruwa.

"Tashi ka je ka sake riga," ta ce. "Ka fi soron yoyo a ɗakin nan."