Ranar da Na Janye Sa Hannuna

Edita, na daɗe ina karanta wannan shafi, yau ni ma zan faɗi nawa. A ƙarshen shekarun tamanin ni ma'aikacin gyaran wayar tarho ne a wata ma'aikatar gwamnati, ina zaune a gidanmu na gado a Ƙofar Gayan, cikin birnin Zariya. Da yake na yi makarantar koyon sana'a kuma Turanci ya zauna a bakina, abokan aiki suka zaɓe ni sakataren ƙungiyarmu. Gaskiya a lokacin ina ji da kaina.

Aikinmu hawa falwaya ne da jan waya. Tare da mu akwai leburori, yawancinsu manoma daga ƙauyukan kewaye, waɗanda suka yi shekara da shekaru ba a ba su takardar ɗaukar aiki ba. Su ke haƙa rami, su ɗauki tsani, in aiki ya yi yawa su ma su hau. Wata rana ɗayansu ya faɗo wajen Ƙofar Kuyambana ya karye a ƙugu, ofis ta ce ba ta san da shi ba. Wannan ya sa muka shiga tattaunawa da hukuma da buƙatu uku: ɗamarar hawa ga kowa, alawus na haɗari, da tabbatar da leburori a aiki.

Mun yi makonni muna zama ba a cimma komai ba. Ran nan bayan an tashi, manaja ya kira ni ofishinsa ni kaɗai, ya sa aka kawo mini shayi. Ya ce sun amince da ɗamara da alawus, maganar leburori kuwa a bar ta zuwa gaba. Ya kuma nuna mini sunana a cikin waɗanda za a tura kwas Legas. Na ce wa raina biyu cikin uku ai nasara ce, na sa hannu.

Ranar Juma'a bayan an sauko, babban leburanmu, dattijon da ya koya mini hawa tun ina sabon shiga, ya jingine kekensa a ƙofar zaurenmu da damin rake. Ya ce, "Malam, mun ji an sa hannu. Allah ya saka da alheri. Yanzu ko na faɗo, iyalina sun san inda za su nufa." Na rasa inda zan sa fuskata. A nan zaure na gaya masa gaskiya. Sai ya ce, "To Malam, ai ka fi mu sani." Ya bar raken ya tafi.

Ranar Litinin na tara ma'aikata a farfajiyar ofis, na faɗi abin da na yi, har da maganar kwas ban ɓoye ba. Wasu suka zage ni, wasu suka ce a tsige ni nan take. Sai wani tsohon ma'aikaci ya tuna mana cewa a tsarin ƙungiyarmu takarda ba ta zama yarjejeniya sai mambobi sun amince, ya ce wanda ya sa hannu shi za a tura ya janye. Aka ɗaga hannu. Har yau ina alfahari da abin da na gani: mutanen da alawus ya riga ya zo hannunsu, masu iyali da hidima, suka ce ba sa so in ba da leburori ba.

Na koma wurin manaja na ce na janye. Ya ce zan yi da-na-sani. Aka soke kwas ɗin, mu kuma muka tsaya a kan cewa ba wanda zai hau falwaya ba ɗamara. Damina ta shigo, layuka suka yi ta mutuwa, 'yan kasuwar birni suka riƙa zuwa suna faɗa. Da muka yi musu bayani, wasu Alhazai suka bi mu har gaban hukuma. Kafin kaka aka sa hannu a kan buƙatu ukun duka. Leburori suka karɓi takardunsu, wanda ya karye aka ba shi gadin ofis. Ni kuwa aka mai da ni wata tasha mai nisa, na shekara uku ina ganin 'ya'yana sau ɗaya a wata. Ban taɓa jin an cuce ni ba.

Abin da na koya shi ne, a teburin tattaunawa wanda ba ya wurin shi ya fi saurin faɗuwa daga takarda, kuma ba sai da mugun nufi ba, gajiya da ɗan kwaɗayi sun isa. Duk wanda aka ɗora wa wakilci, kada ya shiga ofishin manya shi kaɗai, kada ya karɓi wata alfarma ana cikin magana. In kuma ka riga ka zame, ka koma gaban waɗanda suka aike ka, ka faɗa da bakinka tun ba su ji a wani wuri ba. Zagin da za ka sha na yini ɗaya ne, ni na sha nawa, kuma yau ina shiga kowane taro kaina a ɗage.